SAU BIYU A MAKO

Shafi na 9

Masu cewa na bar Bodil a sama na tafi shan kofi, to ga ni na dawo, ku sassauta min haka nan. Ke kuma da kika rubuta cewa Asger mugu ne a kai shi teku a jefa, karanta wannan tukuna, sai mu zauna ni da ke.

* * *

Jirgin ya daki ƙasa ya yi tsalle. Ya sake dukan ƙasa ya sake yin tsalle. A na ukun ne Torkild ya miƙo hannu.

"Na karɓa."

"Ka karɓa," in ji Bodil, ta saki sitiyarin kamar ya ƙona ta.

Tsohon malamin ya lallaɓa ɗan jirgin ya zaunar da shi a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, ya ja shi har bakin rumfa, ya kashe injin. Ya kwance bel ɗinsa kawai. Da ma faɗa ya yi, da ya fi mata sauƙi. Yayyafi na ta sauka a gilashi, ita kuwa gumi ne ya jiƙa mata baya sharkaf.

Suka tura jirgin cikin rumfa su biyu, suka shiga ɗan ɗakin katakon da 'yan ƙungiyar matuƙa ke zama. Torkild ya zuba musu kofi, ya turo mata nata.

"Yaushe rabonki da jirgin nan?"

"Mako uku."

"Kafin nan fa?"

"Wajen wata guda. Amma ai ba laifina ba ne, Torkild, kai ka soke har sau biyu."

"Ni na soke, ko ruwa ya soke?"

Ta kurɓi kofinta.

"Bodil, ke manomiya ce. Kina fitowa ƙofar gida ki ɗaga hanci ki gaya wa mutum ruwa zai sauko kafin yamma, kuma ya sauko. Masu hasashe a rediyo ma ba su kai ki ba. To gaya min, me ya sa duk ranar da kika kira kika ce in ajiye miki jirgi, ranar ce gajimare ke zaune a kan rufin nan?"

"Ba tsoro ba ne, idan abin da kake nufi ke nan."

"Na san ba tsoro ba ne. Matsoraci ba ya tuƙo mota cikin ruwa ya zo ya tsaya yana roƙon in tashi da shi. Ranar da gona ba ta buƙatarki, ita kike kawo min."

Nan fa ya taɓa ta inda yake mata ciwo. Gaskiya ce tsagwaronta, ita dai ba ta taɓa zama ta kalle ta haka ba. Mu nan yammacin Jutland haka muka tashi muka gani. Ranar da rana ta fito ta ciyawa ce, ba ta kowa ba. Aski, cirar haƙori, ziyarar gwaggo, gyaran mota, duk sai ranar ruwa. Bodil ba ta yi shawara da kowa ba ta ɗauki koyon jirgi ta jefa cikin kayan ranar ruwa, a kusa da aski. Shi kuwa ƙaramin jirgi abin da ciyawa ke so shi yake so, sama garau da iska mai hankali.

"Hannu mantuwa gare shi," in ji Torkild. "Kai yana riƙewa, hannu ba ya riƙewa. Abin da na koya miki wancan zuwan, yau rabin darasi muka ɓata muna nemo inda kika yar da shi. Kina ta zuwa, amma darasi ɗaya muke ta maimaitawa."

"Ina karantawa a gida fa."

"Saniya idan kika tatse ta yau, kika bar ta sai bayan mako uku kina karanta littafin tatsa, me za ki tarar?"

"Ta ƙafe."

"To."

Ya kurɓi kofinsa, ya ajiye.

"Sau biyu a mako. Talata da Juma'a, ƙarfe biyu na rana. Awa ɗaya-ɗaya, ba na son fiye da haka, kai ba ya ɗauka. Idan sama ta hana mu sai mu zauna nan mu yi karatu, mu nemi Asabar mu rama. Sama ce kaɗai ke da ikon sokewa. Ba ke ba, ba shanu ba, ba yayanki ba."

"Haba Torkild, tsakiyar yankan ciyawa fa muke. Ka bari a gama yanka na biyu, daga nan ko kullum ka ce…"

"Kar ki ƙarasa."

Yadda ya faɗa ya sa ta ɗago kai. Tunda ta san tsohon nan ba ta taɓa jin ya ɗaga murya ba.

"Bana ce shekarata ta ƙarshe. Sanyi na shigowa zan ajiye koyarwa, na yi wa matata alkawari, gwiwoyina ma sun sa hannu. Ɗalibi ɗaya zan iya kaiwa har ya tashi shi kaɗai kafin nan. Ɗaya tak. Akwai wani likitan haƙori a gari da ya ishe ni da waya, shi ko ƙarfe biyun dare na ce zai zo. Ran Talata idan ƙarfe biyu ta yi ba ki nan, kujerar ta zama tasa."

Bodil ta ƙura masa ido. Babu wani malami a duk yankin, sai ka yi tafiyar da ba a yi a dawo tsakanin tatsar safe da ta yamma. Idan Torkild ya sake ta, shi ke nan, jirgi sai dai ta riƙa ganinsa yana wucewa ta saman gona.

"Me ya yi zafi haka?" ta tambaye shi a hankali.

Ya juya ya kalli taga.

"Maganar nan da kika fara, a bari a gama yanka na biyu, na taɓa jin ta a ɗakin nan. A kan kujerar da kike zaune. Da muryar gidanku kuma."

"Gidanmu? Wa?"

"Asger."

Dariya ta ƙwace mata, har kofi ya kusa sarƙe ta.

"Asger ɗinmu? Wanda ke cewa jirgin nan keken ɗinki ne aka manna wa fiffike? Wanda ko tsani zai hau sai ya yi tsaki?"

"Lokacin kina birnin Aarhus kina karatun jinya."

"A'a, lokacin ai ƙwallon hannu yake zuwa. Kullum Mama na wanke masa…"

Ta tsaya.

"A nan yake buga ta," in ji Torkild. "Cikin duk waɗanda na koyar ban ga hannu irin nasa ba. Yana ajiye jirgi a ƙasa ba ka san an sauka ba. Saura ƙiris ya tashi shi kaɗai, sai babanku ya fara ciwon baya."

"Baba ne ya hana shi?"

"Ba wanda ya hana shi. Da hana shi aka yi ma da ya yi faɗa. Sau biyu a mako ya koma sau ɗaya. Ya koma duk mako biyu. Ya koma ranar ruwa. Ni kuma na biye masa, ina cewa ba komai, gona ce, ba komai. Wata rana na duba na ga an yi shekara bai zo ba. Har yau idan muka haɗu a kantin manoma juya min baya yake, ya shiga duba igiyoyi."

Ya miƙe ya ɗauki kofunan.

"Na biye wa ɗaya. Ba zan biye wa ta biyu ba. Talata, ƙarfe biyu."

* * *

Da ta isa gida Asger ya riga ya shigo da shanu. Injin tatsa na ta huci, rediyo na ta surutu shi kaɗai a kan taga. Ta zura takalman roba ta ɗaura gyauton aiki, ta sauka ramin da suke tsayawa, ta kama layin hagu kamar kullum.

Shekara goma sha ɗaya ke nan tun rasuwar babansu da ta baro aikin asibiti ta dawo, su biyu suke riƙe da gonar. A shekarun nan ba ta jin sun yi hira mai tsawo sau biyar. Asger mutum ne da idan ya ce abu "bai yi muni ba", to ka je ka yi biki.

"An dawo daga sama?" ya ce, bai juyo ba.

"An dawo."

"Keken ɗinkin bai yage ba?"

"Bai yage ba."

Ta goge hantsar saniyar farko, ta maƙala mata abin tatsa. Ta ja numfashi.

"Daga yanzu Talata da Juma'a zan riƙa zuwa. Ƙarfe ɗaya da rabi zan bar gida, huɗu na dawo."

"Ranar ruwa dai."

"Ko da ruwa ko babu."

Sai a nan ya juyo.

"Talatar nan?"

"Ita."

"Kin san Talatar nan ranarmu ce ta inji."

Ta sani mana. Gonaki huɗu ne suka haɗu suka sayi injin ɗaure ciyawa guda ɗaya tun zamanin iyayensu, yana zagawa gida-gida. Ranar da ya zo gidanka kowa zai zo ya taya ka, ranar da ya je gidan wani kai ma ka je. Wanda ya saki ranarsa sai ya koma ƙarshen layi. A bana kuwa da ruwa ya ƙi ɗagawa, ƙarshen layi yana nufin ciyawarka ta ruɓe a ƙasa.

"Zan tashi da asuba in yi tatsa ni kaɗai," in ji ta. "In hau tarakta in tara ciyawar layi-layi kafin Kresten ya iso da inji. Abin da ya rage…"

"Abin da ya rage wa zai yi? Shanu?"

"Awa biyu da rabi ne fa, Asger."

"Awa biyu da rabi a tsakiyar ranar da ciyawa ta bushe. An ce Laraba ruwa ne. Ki kira tsohon ki ce ya mayar miki Laraba."

"Laraba ruwa ne, yanzu ka faɗa da bakinka."

"To ai shi ya sa."

Ta kusa yin dariya, don ko a jikinsa, bai ma ji abin da ya faɗa ba. Jiya-jiya ita ma haka za ta ce.

"Ba a tashi cikin ruwa."

"To a bari a gama yanka na biyu mana. Sama za ta gudu ne?"

Ta ajiye tsumman hannunta.

"Haka kai ma ka ce masa?"

"Wa?"

"Torkild."

Injin ya ci gaba da hucinsa. Wata saniya ta buga ƙafa a ƙarfe. Asger ya tsaya riƙe da abin tatsa a hannu, iska na ta shiga cikinsa fuu, bai maƙala ba bai ajiye ba.

"Tsohon nan bakinsa ya fara yoyo."

"Ƙwallon hannu, ko? Ni ina can ina gaya wa ƙawayena yayana ɗan wasa ne."

"Bar maganar nan, Bodil."

"Ya ce bai taɓa ganin hannu irin naka ba."

"Na ce ki bari."

"Ba zan bari ba. Tun ranar da na fara kake min ba'a a gaban maƙwabta. Keken ɗinki, keken ɗinki. Na ɗauka raini ne, ashe ciwo ne."

Ya miƙa hannu ya kashe rediyon. Fuskarsa ta yi ja har wuya.

"Kina son ki ji? To ji. Lokacin da bayan Baba ya riƙe, wa ke nan? Ke kina Aarhus, kina da ɗaki, kina da keke, kina zuwa rawa ran Asabar. Mama ta ce kar a gaya wa Bodil, karatu take. Ba a gaya miki ba. Ni na tatsi shanun nan safe da yamma ni kaɗai. Ni na yanka, ni na ɗaure. Da na ce Talata da Juma'a kamar yadda kike faɗa yanzu kina ɗaga kai, da wa za a kira ya dawo gida?"

Ya matso kusa da ita.

"Wa za a kira?"

"Ni."

"Ke. To ban ce ba."

Wannan kam ta shige ta. Ta ji tausayinsa ya kama ta, ga kunya a kai. Duk shekarun da ta yi tana jin ita ce ta yi sadaukarwa da ta baro birni, ashe an riga an biya mata kuɗin zama can da abin da ba ta ma san akwai shi ba. Ta so ta je ta dafa shi, amma a gidansu ba a saba ba.

"Ban sani ba, Asger."

"Yanzu kin sani. Gonar nan mutum ɗaya take iya saki, shi ma da ƙyar. Ta sake ki sau ɗaya."

Ya juya ya maƙala wa saniyar abin tatsa. A ganinsa magana ta ƙare.

Bodil ta tsaya tana kallon ƙeyarsa da ta yi furfura. Abin da ya ba ta tsoro shi ne yadda ta ji bakinta ya shirya cewa to. Kalmar na nan a kan harshe, ta saba fita, ba ta ma neman izini. Ta cije ta.

"Na gode da abin da ka yi," in ji ta. "Da gaske nake. Amma ran Talata zan tafi."

"Ki gwada."

"Zan gwada kuwa."

Ranar kowa a gefensa suka wanke ɗakin tatsa. Burodinsu ma kowa a tsaye ya ci nasa.

* * *

Ta kira Kresten, maƙwabcinsu mai tuƙa injin, ta roƙe shi a musanya musu rana.

"Da wa?" in ji shi. "Kowa ya ji rediyo, Bodil. Ko uwata ce ta tashi daga kabari ta ce in ba ta wata rana kafin Laraba, haƙuri zan ba ta."

Talata ta waye tas, ko ɗigon gajimare babu. Irin ranar da a shekara ba ma samun goma. Bodil ta tsaya a ƙofa ta ɗaga hanci, ta san yau ciyawa za ta bushe ƙarau, ta kuma san gobe da safe ruwa zai zo daga teku.

Ta yi tatsa ita kaɗai. Raɓa na ɗagawa ta hau tarakta ta shiga tara ciyawa. Ba ta sauka shan ruwa ba, ba ta sauka cin komai ba. Kresten ya iso da inji ya bi bayanta yana haɗiye layukan yana tofar da dammuna, Asger da sauran maƙwabta na lodi. Tana gudu, injin na cin abin da ta tara kamar ba ta yi komai ba.

Da rana ta take, Gunvor matar Kresten ta shimfiɗa mayafi a bayan mota, ta fito da kofi da kek mai kwakwa. Kowa ya taru. Bodil ta duba gonar. Babbar ta gama. Ta bakin rafi ko taɓa ta ba a yi ba.

Ta kashe tarakta, ta bar makullin a jiki, ta sauko.

"Zo ki ci kek kafin mazan nan su share shi," in ji Gunvor.

"Ajiye min. Zan dawo ƙarfe huɗu."

"Lafiya? Wani ne ya mutu?"

"Darasi gare ni."

Cokula suka tsaya. A wajenmu ba a yi maka ihu, kallo ake yi, kuma da kallon nan gara mari.

"Darasi," in ji Kresten, yana tauna a hankali. "Yau."

"Yau."

"To ki leƙo mu ta sama ki gani ko layukan sun miƙe."

Wani ya yi dariya ta hanci. Gunvor ta matso ta rage murya.

"Bodil, mijina ya bar tasa gonar ya zo taku. Kin san abin da za a ce."

"Na sani. Juma'a da safe ina gonarku tun kafin ku tashi. Ƙarfe ɗaya da rabi kuma zan tafi, ina gaya muku tun yanzu don kar a ce ban faɗa ba."

Ta kalli Asger. Yana zaune a kan dami, kofinsa a gwiwa, idonsa a ƙasa. Ta jira ya ce wani abu, ko zagi ne. Bai ɗago ba.

Ta shiga mota. Ta murɗa makulli ta ja. Ba ta duba madubi ba har ta hau kwalta, don ta san idan ta duba za ta juya.

* * *

Torkild ya riga ya fito da jirgin. Ya dube ta sama da ƙasa, ciyawa a gashi, ciyawa a wuyan riga, fuska duk ƙura.

"Bai yi muni ba," in ji shi.

Ta zagaye jirgin kamar yadda ya koya mata. Ta leƙa mai, ta taɓa tayoyi, ta girgiza fiffike, ta shafa wutsiya. Kwana huɗu ne kawai rabonta da shi, sai ta ga hannunta na zuwa inda ya kamata tun kafin ta tuna. Daɗi ya kama ta, ta rasa wanda za ta gaya wa.

Ta hau kujerar hagu, ta ja bel ta ɗaure. Torkild ya zagaya ya hau ta dama yana nishi saboda gwiwa. Titin ciyawa ya miƙe a gabansu har bakin shinge, iska na zuwa daidai ta gaba, a hankali.

"Yau za ki sauka da kanki," in ji shi. "Ba zan taɓa ba sai kin nemi kashe mu."

Sai suka ji ƙarar mota.

Ta gane ta tun kafin ta gan ta, don babu mai salansa irin wannan a duk yankin. Tsohuwar motar ɗaukar kaya ta Asger ta shigo ta ƙofar fili, ta tsaya a gefen rumfa. Bodil ta ji ranta ya ɓaci.

"Mayar da ni ya zo yi," in ji ta. "Ba inda za ni."

Asger ya fito. Ta ƙura masa ido, don kamar ba shi ba. Ya wanke fuska. Ya taje kai. Farar rigar da yake sawa zuwa coci da jana'iza ce a jikinsa, ya soke ta cikin wandon aiki. Ya tako har gaban jirgin ya tsaya.

Ta tura 'yar tagar gefenta.

"Wa ka bar wa ciyawar?"

"Tana nan inda kika bar ta."

"Asger! Ta bakin rafi fa? Kresten fa?"

"Yana can yana zagin kakanninmu."

"Ka haukace ne? Gobe ruwa!"

"Na sani. Ina da hanci."

Bai kalle ta ba, Torkild yake kallo ta gilashi. Tsohon ya buɗe tasa tagar a hankali.

"Asger."

"Torkild."

"An kwana biyu."

"An kwana biyu. Na zo darasina."

Bodil ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi.

"Darasinka?"

"Ina zaune a kan damin nan na ga kin tashi kin tafi," in ji Asger. "A gaban kowa. Kin shiga mota kin tafi, ƙasa ba ta tsage ba, shanu ba su mutu ba. Haka kawai. Ashe haka kawai ake yi? Ni na zauna shekara da shekaru ina jiran ranar da gona za ta ce min je ka."

"To ka bari in dawo mu yi magana da yamma."

"Na gaji da bari."

"Asger," in ji Torkild, "ɗalibi ɗaya nake da ƙarfin kaiwa kafin sanyi. Ba zan raba ranakun ba. Idan na ba ka Talata na ba ta Juma'a, dukanku ba wanda zai tashi."

"Na sani. Ni ma gonar ba za ta sake mu mu biyu ba." Sai a lokacin ya dubi ƙanwarsa, idonsa jawur. "Ni na riga ki, Bodil. Kin taɓa tafiya na tsaya. Sauko."

Ta juya ga tsohon.

"Ka yi magana mana!"

Torkild ya naɗe hannuwansa a ƙirji.

"Ke ce a kujerar hagu. A jirgi wanda ke kujerar nan shi ke yanke hukunci, ba malami ba. Ƙarfe biyu ta yi. Ko ki tayar, ko ki kwance bel."

Ta kalli yayanta. Farar rigar ma bai sa maɓallanta daidai ba, ɗaya ya tsallake. Hawaye ya cika mata ido, ta ji son sa da haushinsa sun haɗu sun tokare mata ƙirji. Ya cancanta, ta san ya cancanta. Ta kuma san idan ta kwance bel ɗin nan yau, ba za ta sake ɗaura shi ba har ta mutu.

Ta share ido da bayan hannu. Ta taka birki da ƙafa biyu. Ta ɗora yatsunta a kan makulli. Doka ce kafin a tayar da injin matuƙi ya leƙa ta taga ya yi gargaɗi da ƙarfi, ko da ba kowa a fili. Ta leƙa, ta buɗe murya yadda take kiran shanu daga bakin rafi.

"A kauce wa farfela!"

Asger bai kauce ba.

Ya ƙara taku ɗaya, ya ɗaga hannu, ya ɗora tafinsa a kan farfelar.